Neman taimako kan siffofi masu gefe huɗu

Assalamu alaikum malaman lissafi. Ɗiyata tana aji shida a nan Jidda, jarrabawa ta matso, ga wani wuri ya ɗaure mana kai.

Na fahimci cewa kowane murabba'i (square, mai gefe huɗu daidai da juna) mustaɗili ne (rectangle), tunda kusurwoyinsa huɗu kowace digiri 90 ce, amma ba kowane mustaɗili ne murabba'i ba. Tayil ɗin kicin muka auna da rula, ta gamsu.

Inda muka tsaya shi ne siffar da ake kira shibhul munharif (trapezium). Littafinta ya ce gefe biyu kaɗai ne ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, wani bayanin kuma ya ce aƙalla biyu. To mutawazil adla'i (parallelogram, wanda kowane gefensa ke tafiya a jere da wanda ke fuskantarsa) yana cikinsa ko a'a? Wanne za ta rubuta, don Allah?