Masu tsofaffin manyan kwamfutocin tebur, yaya kuke fama da su?

Mai shagon zane, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da HP Z420 da na saya ta gwanjo, da ita nake aiki da manhajar zane ta CorelDRAW: katin biki, kalandar Islamiyya, fastar 'yan siyasa. Ƙirar 2012 ce, amma ba ta taɓa kwana a wajen mai gyara ba. Damuwata ita ce tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina sabunta Windows 10, Windows 11 kuma ta ƙi hawa, wai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta tsufa. Masu irinta, ku faɗa min abin da kuka gani.

Mai gyara, Kaduna:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayar tukuna. Ni Z400 nake da ita a shago, ta girmi taka ma. Abin da na ga yana kashe waɗannan injina ƙurar hunturu ce. Buɗe murfin gefe ka leƙa tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya furosesa, za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar audugar katifa. Ka fitar da ita waje ka hure da bulowa, amma ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Man sanyaya da ke kan furosesar ma ya bushe tuntuni, a goge a sa sabo. In ka ga kwanan wata na komawa baya duk safiya, ɗan batirin CR2032 ne, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba.

Sai SSD, wato ma'ajin bayanai da ya fi had dis sauri. Ranar da na cire tsohon had dis na sa shi, yaron shagona cewa ya yi sabuwar kwamfuta na sayo.

Wani daga Damagaram:
Malam, ka yabe ta da yawa. Faɗi cin wutarta mana. Da sola nake aiki, in na kunna tawa bayan magariba batir ba ya kai ni ko'ina. Na koma kunna ta da rana kawai, dare kuma laftof. Ga zafin da take hurowa a watan Afrilu, ɗaki ba ya zaunuwa.

Mai zanen gine-gine, Zariya:
Gaskiyarka, ɗan'uwa. Tawa Dell Precision T3600 ce, manhajar zanen gini ta AutoCAD take ɗauka ba gardama. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, akwatin wutarta ya ƙone. Nan na gane ba irin na kowace kwamfuta ba ne, ƙirar kamfanin ce ta kansu, ta baya ake zaro shi. Na kasuwa ba ya shiga. Sai da aka ciro min daga wata matacciya a Legas, aikin mutane na jira. Alhaji, ko UPS (na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke) ko sitabilaiza, sa ɗaya kafin ka sayi komai.

Mai gyara, Kaduna:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: Z420 ramin RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) takwas gare ta, irin RAM ɗin da take ɗauka, DDR3, kuma ya yi araha. Amma kada ka gauraya RAM iri daban-daban, in ba haka ba ta yi ta ƙara sau biyar, allo baƙi.

Ɗalibi, Sakkwato:
Ku sa mata Linux Mint a madadin Windows kawai ku huta. Ta babana haka na yi mata.

Mai bugun takardu, Katsina:
Yaro, babanka ba ya cin abinci da CorelDRAW, CorelDRAW kuwa ba ya hawa Linux. Ni dai na bar Windows 10 ɗina, na zare wa kwamfutar wayar intanet gaba ɗaya don gudun bairos. Aikin kwastoma ta wata ƙaramar kwamfuta yake shigowa, in duba shi sannan in kwafa. Filashin mutane ne dai har yanzu nake rigima da yara a kansa, da na juya baya sun soka mata.