Tayil ɗin fadar Topkapi: da wane suna zan kira shi a rediyo?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe huɗu zan naɗi shiri kan fadar Topkapi ta Santambul, kalma ɗaya ta tsaya mini. Ɗakin Sarki Murad na Uku, ginin 1578, an lulluɓe bangonsa da abin da Turkawa ke kira "cini", wanda ake gasawa a garin Iznik: fari fat mai sheƙi, da zanen furanni shuɗi da ja. In na ce tayil, banɗaki mai sauraro zai tuna.

Ɗan Damagaram: Mu nan karo muke cewa, Hajiya, amma shi ma na ƙasa ne, wanda ake takawa.

Malamin Hausa: Ga tangaran a gida, me zai kai mu aro? Ita "cini" ɗin ma "na Sin" take nufi, don tangaran ɗin Sin maginan Iznik suka riƙa kwaikwayo. Ki ce fallen tangaran.

Mai shirin rediyo: Malam, ai falle na takarda ne ko na atamfa.

Wani almajiri: Larabawa "kashani" suke cewa, daga garin Kashan na Iran. A ɗauka mana.

Ɗan Damagaram: Kashani a rediyo? Kunnen Bahaushe wani abu daban zai ji.

Malamin Hausa: Matsalarmu ke nan, kowa ya ruga Larabci ko Turanci. Fallen tangaran na ce, shekara biyu ina koyar da shi a aji. Kakanninmu da suke kafa faranti a rufin soro ba su jira Bature ya raɗa masa suna ba.

Wani almajiri:   Hajiya, in za ki ambaci daular Sarki Murad, ki ce Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kada a zaci Sakkwato.

Baba magini: 'Yata, shekara talatin ina liƙa shi, ban taɓa jin mai gida ya ce a sayo falle ba. Ki ce tayil na tangaran mai zane. Jan nan ma da kika ambata tudu yake yi, hannu na jinsa, ki faɗa musu.

Mai shirin rediyo: Na gode, Baba. Zan buɗe da "tayil na tangaran mai zane", daga nan in riƙa cewa "tangaran ɗin bango".

Malamin Hausa: Na bangon dai da dama-dama. Tayil ɗin nan ban yarda da shi ba.