An ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Ubuntu, yanzu waifai ya ɓace

Mai_Kwafi_Fagge:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman taimako. Laftof ce HP da muke buga takardu da ita a shago, akwai Ubuntu 24.04 a kanta tare da Windows 10. Batirinta ya mutu, sai da caja take aiki. Ana cikin sabunta manhajoji aka ɗauke wuta, ta mutu nan take. Yanzu tana tashi har ta shiga ciki, amma alamar waifai babu ita kwata-kwata, kuma duk abin da na ce apt, manhajar da ke saka manhajoji a Ubuntu, ya saka min sai ya amsa da:

`E: dpkg was interrupted, you must manually run 'sudo dpkg --configure -a' to correct the problem.`

Na rubuta abin da ya ce, sai kuma aka ce wani aiki ya riƙe makullin dpkg, wato manhajar da apt ke amfani da ita wajen sakawa. An ba ni shawarar in kai ta Beirut Road a yi mata fomatin, amma takardun mutane ne a ciki. Ga kuma agogon Windows, duk sanda na fito daga Ubuntu sai in tarar ya koma baya da awa ɗaya. Ko duk ciwo ɗaya ne?

Ɗan_Hotoro:

Wa alaikumus salam. Goge makullin kawai da `sudo rm /var/lib/dpkg/lock-frontend`, sai ka sake gwadawa.

Injiniya_Tarauni:

Malam Ɗan_Hotoro, a yi haƙuri, kada ya goge. Wannan makulli ba kwanan fayil ɗin a wurin ne ke rufe ƙofa ba, aikin da ke gudana ne yake riƙe shi, kuma da aikin ya tsaya ko kwamfuta ta mutu, makullin ya saki da kansa. Tunda an kashe an kunna amma har yanzu a riƙe yake, to akwai mai riƙon da ransa, galibi unattended-upgrades ko packagekitd, manhajojin sabuntawa masu tashi da kansu bayan an kunna kwamfuta. In aka goge fayil ɗin, ayyuka biyu za su shiga rubutu a kundin dpkg lokaci guda, ɓarnar da za a yi ta fi ta ɗauke wutar.

Malam mai shago, ga yadda za ka bi. Da farko ka tabbatar wutar da za ka yi aikin da ita ba mai yankewa ba ce, janareto ko inbata, don yankewa ta biyu a tsakiyar gyara ita ce ke kai mutum ga fomatin na gaske. Ka kuma kwashe takardun mutane zuwa filash tun yanzu da take shiga.

Sake kunna ta. A jerin GRUB, inda kake zaɓar Ubuntu ko Windows, shiga Advanced options for Ubuntu. Za ka ga kanel, wato zuciyar Ubuntu mai sarrafa kayan jikin kwamfuta, fiye da ɗaya, zaɓi na ƙasa mai ƙaramar lamba, wanda ba a rubuta recovery mode a gabansa ba. Ina kyautata zaton a nan waifai zai dawo. Dalili kuwa, Ubuntu 24.04 yana raba kanel gida-gida: linux-image shi ne kanel ɗin kansa, amma direbobin katunan waifai da yawa, wato ƙananan manhajojin da ke sa katin ya yi aiki, suna cikin wani ƙunshi daban, linux-modules-extra. In wuta ta yanke bayan na farko ya shiga, na biyu bai ƙarasa ba, kwamfuta za ta tashi da sabon kanel marar direba. Tsohon kanel kuwa da kayansa cif.

Da ka shiga, buɗe taminal da Ctrl+Alt+T, ka duba wanda ya riƙe makullin:

`sudo lsof /var/lib/dpkg/lock-frontend`

In ya nuna suna, bar shi ya gama, 'yan mintuna ne. In bai nuna komai ba, hanya ta buɗe. Kafin komai duba fili da `df -h`. In layin / ko /boot ya nuna 100%, gyaran zai tsaya a hanya; in / ne ya cika, rage tarin bayanan tsarin da `sudo journalctl --vacuum-size=100M`. Sannan waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kana karanta abin da kowanne ya ce:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt --fix-broken install`
`sudo dpkg --audit`

Na farkon ba ya buƙatar intanet, ƙarasa saita abin da aka riga aka kwance yake yi. Na biyu yana cike giɓi, kuma ba lallai ya ci data ba, domin abin da apt ya sauke bai gama sakawa ba yakan zauna a /var/cache/apt/archives. Shi ya sa kada ka yi `apt clean` yanzu, duk da za ka ga ana ba da wannan shawara ko'ina. In ka yi, ka zubar da datar da ka riga ka biya. Na uku in bai ce komai ba, lafiya ke nan. In ya ambaci wani ƙunshi da half-installed, wannan ba ya gyaruwa da saitawa, sai an sake saka shi: `sudo apt install --reinstall` sai sunansa.

Ƙarshe, `sudo update-initramfs -u -k all` da `sudo update-grub`, sai ka sake kunnawa da sabon kanel. In waifai bai dawo ba, turo mana abin da waɗannan suka nuna: `uname -r`, da `lspci -nnk | grep -iA3 net`, da `rfkill list`.

Malama_Rijiyar_Zaki:

Ƙari kan na Injiniya. Wani lokacin bayan irin wannan yankewa kwamfuta ba ta ma shiga ciki, sai baƙin allo da rubutun initramfs, tana cewa a yi fsck, wato dubawa da gyaran faifai, da hannu. Saƙon da kansa yana faɗin ɓangaren faifan da ya samu matsala, misali /dev/sda5. A nan wurin za a rubuta `fsck -y /dev/sda5`, a jira, a rubuta `exit`. Amma kada a yi fsck a kan ɓangaren da ake cikin aiki da shi daga cikin Ubuntu, yana iya lalata fayiloli.

Maganar agogo kuwa ba ta da alaƙa da wutar. A jikin kwamfuta akwai agogo ɗaya da duka biyun suke karantawa. Ubuntu yana ajiye lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, a cikinsa, sai ya ƙara awa ɗaya yayin nunawa, tunda Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya. Windows kuma ɗauka yake abin da ke cikin agogon shi ne lokacin gari, sai ya nuna shi yadda ya same shi. Shi ya sa kullum awa ɗaya ce cif, kuma baya. Malam, shiga Ubuntu, tabbatar lokacinsa daidai ne kuma yankin Africa/Lagos ne, sai ka rubuta:

`sudo timedatectl set-local-rtc 1`

Zai yi maka gargaɗi, kada ya dame ka. Gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke matsar da agogo da bazara, mu ba ma yi. Kada ka ƙara masa `--adjust-system-clock`, domin wannan daga agogon jikin kwamfuta yake kwaso lokaci, kai kuma so kake lokacin Ubuntu ya hau kan agogon.

Mai_Kwafi_Fagge:

Allah Ya saka da alheri, Injiniya da Malama. A tsohon kanel waifai ya dawo, dpkg ya ƙarasa, audit bai ce komai ba, agogo ma ya daidaita. Amma da na koma sabon kanel har yanzu babu waifai. lspci ya nuna Realtek, kuma babu layin Kernel driver in use a ƙarƙashinsa. rfkill bai nuna komai ba.

Injiniya_Tarauni:

Madalla. Da maɓallin waifai ne aka kashe, rfkill zai nuna katin da Hard blocked ko Soft blocked. Shirun da ya yi, da rashin wancan layin, direba ne babu, kamar yadda aka zata. Kana cikin sabon kanel ka rubuta `uname -r`, ka kwafe lambar a takarda harafi da harafi, har da generic na ƙarshenta. Koma tsohon kanel inda kake da intanet, ka yi `sudo apt update`, sannan `sudo apt install --reinstall linux-modules-extra-` ka manna lambar a jikinsa ba tazara. Kada ka yi amfani da `$(uname -r)` a nan, zai ɗauko lambar tsohon kanel da kake ciki, wanda ba shi ne marar lafiyar ba.

Sai waifai ya yi aiki a sabon kanel tukuna za ka taɓa `sudo apt autoremove`, don shi ne mai kwashe tsofaffin kanel.

Akwai gyara ɗaya da ya dace da laftof marar batir. Ubuntu yana saka sabuntawar tsaro da kansa, kuma yana ƙin yi in kwamfuta tana kan batir. Taka kuwa kullum a kan caja take ganin kanta, don haka ko da yaushe tana iya farawa ba ka sani ba. Buɗe Software & Updates, shafin Updates, a layin When there are security updates ka zaɓi Display immediately. Zai riƙa sanar da kai, kai kuma ka danna lokacin da janareto ke aiki. Kada ka kashe sabuntawar gaba ɗaya, shago ne da filash ɗin mutane ke shiga da fita, kuma 24.04 yana samun gyaran tsaro har 2029. In da hotsfot na waya kake shiga, a saitin wannan waifai ɗin ka kunna Metered connection, sannan `sudo snap set system refresh.metered=hold`, don snap, wani tsarin saka manhajoji mai sabunta su da kansa, ya daina sauke Firefox da datarka ba tambaya. Sabon batir ko ƙaramin UPS zai ba ka mintunan da dpkg yake buƙata ya ƙarasa. In batir za ka saya, cire tsohon ka tafi da shi kasuwa, lambar da ke jikinsa za a duba, ba sunan laftof ɗin ba.