Tukwici ne ko ciniki? Rigimar ƙoda a zaurenmu

Baban Walida: Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɓace yake wallahi ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Wata 14 kenan yayana yana wankin ƙoda sau biyu a sati, awa huɗu a kwance jikin na'ura, ƙafarsa ta kumbura har silifas baya shiga, ruwan sha ma da ɗan kofi ake auna masa, mutumin da shi ke riƙe da gidanmu gaba ɗaya. Mun sayar da gonar fadama mun sayar da shanu biyu. An gwada ni jininmu bai zo ɗaya ba, ƙanwarmu kuma hawan jini gare ta. Sai Allah ya haɗa mu da wani yaro ɗan dako a kasuwa, da bakinsa yace zai bayar da ƙodarsa mu bashi tukwicin miliyan 2 ya samu jari. Likita na jin maganar kuɗi ya rufe fayil yace doka ta hana. Wace irin doka ce zata bar mutum ya mutu ga mai bayarwa ga mai karɓa kowa ya yarda? Ni dai nace dokar nan zalunci ce.

Ɗan Zazzau: Allah ya bashi lafiya. Amma yaya kar ka ce tukwici. Tukwici shi ne ɗan abin da kake ba yaron da aka aiko ya kawo maka kyauta, kai ke yankewa da kanka bayan abu ya shigo hannunka. Wanda aka faɗi kuɗinsa tun kafin a kwanta a gadon tiyata sunansa ciniki.

Baban Walida: Ciniki kuma? Ka ji nace an yi tayi an ce albarka?

Ɗan Zazzau: Shi ya ambaci miliyan 2 kai ka amsa, to sallama kenan

Maman Ilham: Haba Ɗan Zazzau mutum na kukan ɗan'uwansa kai kana koya masa Hausa. Kuma a garinmu ko kayan lefe aka kawo kowa ya san tukwicin da ake sa rai tun kafin a buɗe akwati, an taɓa cewa sayar da akwatin aka yi?

Ɗan Zazzau: Sa rai daban, sharaɗi daban Hajiya. In ba a bada tukwicin lefe ba ana kwashe akwatunan a koma da su ne?

Abu Hanifa: Malamai sun riga mu zama kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashen sassan jiki amma tace ba ta hanyar sayarwa ba, domin jikinka amana ne ba mallakarka bane balle ka sa masa farashi.

Ɗalibi: Akaramakallah ka ƙarasa karatun mana. A wannan matsayar dai suka ce in mara lafiya ne ya bada kuɗi saboda lalura ko don karramawa, to wannan wurin ijtihadi ne da nazari. Kenan su ma basu rufe ƙofar tukwici ba.

Abu Hanifa: Wurin nazari suka ce basu ce halal ba. A wajen wa kayi karatu?

Ɗalibi: Ba a wajen malamanku ba dai, kuma hakan bai hana ni fahimtar Larabci ba

Injiniya: Ku bar wannan, Iran fa tun 1988 suke biyan mai bada ƙoda a hukumance, akwai ƙungiyar masu ciwon ƙoda da ke haɗa su, gwamnati ta bada wani abu mara lafiya ya cika, kuma baƙo baya zuwa ya sayi ta ɗan ƙasa. Ita kaɗai ce a duniya ke da irin wannan tsarin, Amurka ta hana tun 1984, Indiya ta hana a 1994 amma har gobe ana kama dillalai a can, to me hanin ya tsinana in ba tura abin bayan fage ba

Abu Hanifa: Dama na san sai an kawo mana Iran. Mu ba a can muke ɗaukar addini ba.

Injiniya: Maganar asibiti nake kai ka kai ta aƙida. In mota ce suka ƙera mai kyau ba zaka hau ba?

Abu Hanifa: Duk zauren nan an san inda ka karkata

Injiniya: Kaji tsoron Allah, gaban wa na taɓa faɗin haka? Admin ka shiga tsakanina da bawan Allahn nan

Sista: Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na yi aiki a ɗakin wanki, na san abin da Baban Walida ke gani, na ga magidanta suna kuka a bakin ƙofa saboda kuɗin wanki ɗaya. Amma ba wanda ya tambayi yaron. Ɗan dako ne, buhu yake ɗauka a ka, bayan tiyata sai yayi makonni bai ɗaga kaya mai nauyi ba, kuma mai ƙoda ɗaya ana so a riƙa duba jininsa da fitsarinsa duk shekara, wa zai biya masa in kuɗin sun ƙare? Likitan ba mugunta yayi ba, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta hana, da yayi aikin lasisinsa ne a bakin wuƙa.

Ɗan Zazzau: Kun ji ko. Ko Ekweremadu tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa ai abin da ya kai shi kurkuku kenan, ɗan talla aka ɗauko daga Legas aka kai Landan don ya ba 'yarsa ƙoda aka ce ɗan'uwa ne, a 2023 kotu ta bashi shekara 9 da wata 8, matarsa 4 da rabi, likitan da ya haɗa abin 10. Shi ma da an tambaye shi ai ba zai kira shi ciniki ba.

Maman Ilham: Kai yanzu Baban Walida kake haɗawa da mai safarar mutane? Shi ɓoyewa yayi? Da ƙafarsa ya kai maganar gaban likita

Gwani: Ni abin da ya ban haushi a lamarin nan mutum yayi mataimakin shugaban majalisar dattawa shekara 12, dokar 2014 ɗin ma yana zaune aka yi ta, amma da 'yarsa ta kwanta sai Ingila. Da sun gyara asibitocinmu da duk bamu zo nan ba

Injiniya: Namu na arewa fa ina suke zuwa? Ba Masar da Indiya da Dubai ba? Kar ka ware mutum ɗaya

Gwani: Ban ware kowa ba, kai dai ka tsaya kan Iran ɗinka

Ɗalibi: Har yanzu Ɗan Zazzau bai gaya mana ba, in yaron ya bayar fisabilillahi bayan wata shida aka saya masa keke napep, wannan tukwici ne ko ciniki?

Ɗan Zazzau: In ya san za a saya masa ciniki ne

Ɗalibi: Ta ya zaka san abin da ke zuciyarsa?

Admin: Ya isa haka jama'a. Abin da muka fahimta a taƙaice shi ne kusan kowa ya yarda abin da aka shirya ciniki ne ba tukwici ba kamar yadda Ɗan Zazzau yayi bayani mai gamsarwa, malamai sun haramta, doka ta hana, ƙwararriya ma ta tabbatar. Maganar Iran bata da alaƙa da mu, wanda ya sake kawo ta zan cire shi. Allah ya ba mara lafiya lafiya.

Ɗalibi: Admin ina rabin matsayar da na kawo? Kuma wane ne kusan kowa?

Baban Walida: Ni tambayata kan dokar ce ba wanda ya amsa min. Sista dan Allah matar yayana tace a gwada ta, haihuwarta biyar, za a karɓa? Jibi Alhamis muke da wanki in tafi da ita.

Sista: Ka tafi da ita, haihuwa bata hanawa in lafiyarta ƙalau, za a fara da rukunin jini da awon suga da hawan jini. Ta riƙo duk wata takardar asibiti da take da ita.