Sprinter ɗina ta daina ja, makanike ya ce a fasa tukunyar salansa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na sayi Sprinter ta gas 'yar Kwatano. Sai da na sayar da fili, ƙanin mahaifina ya cika mini sauran, kuma duk ƙarshen wata ina mayar masa da wani abu. Jigila nake daga Kwangila zuwa Samaru, wani lokaci har Shika. Sati uku ke nan fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ba ta wuce 60 ko na taka totur har ƙasa, baƙin mai kuma ya haura alama alhali ban ƙara ba. An sa kwamfuta ta nuna P2463. Makanike ya ce a fasa tukunyar tace hayaƙi a zubar da cikinta. Hankalina ya tashi. Me kuka gani?

Mai gareji, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi shekarar motar ba, ba ka faɗi irin man da kake juye da shi ba. P2463 na nufin kunkunniya ta cika DPF, wato tukunyar tace hayaƙin nan. Tukunyar tana ƙone abin da ta tara ne idan hayaƙi ya kai zafin digiri 600 ko kusa, inji kuma yana cimma wannan ta hanyar fesa ƙarin gas bayan wuta ta tashi. In aka katse aikin, gas ɗin ya zirara ta gefen fistin ya shiga baƙin mai. Shi ne man da ka ga ya ƙaru. Ka yi juye yau, kafin ƙarafan inji su ci juna. Sannan ka faɗa mini, tamostat, abin da ke tare ruwan inji har sai ya ɗumama, na ciki?

Direba, Tudun Wada: Oga ka fasa kawai a sake rubuta kwamfutar. An ƙera tukunyar nan don gas ɗin Turai mai salfa kashi 10 cikin miliyan. Mu kuwa wani gas ɗin na bakin titi har kalanzir ake zuba masa, kuma ba mai kama kowa.

Mai tambaya: Tamostat an cire tun zuwanta. Kowa ya san zafin Zariya a watan Afrilu, ba zan bari inji ya tafasa da fasinja a ciki ba. Mai kuma 20W-50 nake sawa, kamar kowa a tasha.

Mai gareji, Sabon Gari: To ga ciwon nan. Ba tamostat, ruwa yana zagaya lagireto tun daga tayarwa, inji ba ya kai zafin aikinsa na wajen 85 zuwa 90, kwamfuta kuma ba za ta fara ƙona kunkunniya ba sai ta ga inji ya ɗumama. Haɗa da tsaye-tsaye a silo ana jiran lodi, da tafiyar da ba ta kai minti 20 ba. In mota na tafasa, lagireto ko fanka ko murfi ne da laifi. Shi kuma 20W-50 tokarsa yawa gare ta, toka kuwa ba ta ƙonewa, sai an sauke tukunya an wanke. Wanda ya dace shi ne 5W-30 mai lambar MB 229.51, wajen lita 11 take sha.

Ga yadda za a bi. A mayar da tamostat. A kunna makulli inji a kashe, a duba sensar matsin tukunyar a kwamfuta, ya kamata ta nuna sifili ko kusa. A zare siraran tiyo biyu da ke zuwa mata a ga ko sun toshe ko sun tsage. A kwance EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani hayaƙi cikin inji, a wanke, a duba tiyon intakula, mai sanyaya iskar da ke shiga inji, ko yana zubar da iska, domin ƙarancin iska ke haifar da baƙin hayaƙi. A gwada nozul da hita. Sai an gama waɗannan a sa gas ya wuce kwatan tanki, a hau hanyar Kaduna minti 30 ba tsayawa, allurar juyin inji sama da 2,000.

Mai kayan gyara, PZ: Alhaji, in kunkunniya ta yi yawa haka hawa titi ba ya yi, kuma tilasta ƙonawa da kwamfuta na iya narka cikin tukunyar. A sauke a wanke daga bayanta zuwa gaba, a busar sosai. Filtar iska ma a duba, ƙurar hunturu na toshe ta da wuri. Abin da ke damunmu shi ne sensa ta jabu ta cika kasuwa, a kwali iri ɗaya da ta asali, mutum ya saya ta mutu cikin sati ya ce mu ne macuta.

Wata 'yar'uwa: Don Allah kada a fasa. Hayaƙin nan 'yan makaranta da masu talla a bakin Kwangila ke shaƙa. Cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansa tun 2012.

Direba, Tudun Wada: Hajiya gaskiya ne, amma wa zai biya masa kuɗin 5W-30 duk juye? Kuma in tana da murfi shuɗi na AdBlue, ruwan da ake zubawa don rage gubar hayaƙi, wani kashe kuɗin ne daban.

Mai gareji, Sabon Gari: Fasawa ba ta gyara nozul mai ɗiga ko EGR da ya maƙale. Ciwon na nan, sai dai ya fito fili. AdBlue kuwa yuriya ce kashi 32.5 cikin ruwa tatacce, kada wani ya ce ka jiƙa takin gona, ko ka bar jarka a rana. Malam, akwai murfin ko babu?

Mai tambaya: Ban lura ba, zan duba. Amma motoci nawa ke yawo ba tamostat lafiya lau? Ni ba zan iya zuwa Kaduna ba fasinja ina ƙona gas a banza ba, ƙarshen wata ya matso. Wanda zai fasa ya ce rana ɗaya ya gama. In na wanke tukunyar kawai, na bar sauran yadda suke, wata nawa za ta kai ni?