Ƙarin kasafin kuɗi a jihohin Amurka, wa ke amincewa da shi?

Ɗalibin Siyasa:
Salam jama'a, don Allah idan kuɗin da aka ware ma wata ma'aikata ya ƙare a tsakiyar shekara, gwamna ne kawai zai ƙara ko sai ya koma majalisa?

Malam Na Baya:
Wa'alaikumussalam ɗan uwa, ai sai majalisa. Gwamna zai aika buƙata, kwamitin kasafi ya zauna ya tsitsiye shugabannin ma'aikatun kan ina kuɗin farko suka tafi, sannan a kaɗa ƙuri'a a majalisu biyun, in banda Nebraska da ke da guda ɗaya tal. Daga nan ƙudirin ya dawo teburin gwamna, kuma a yawancin jihohi yana iya soke layi ɗaya na kuɗin da aka ware a cikin ƙudirin ya bar sauran.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙari kan haka, a jihar Washington kasafin shekara 2 suke yi, to a shekara ta biyun ne ake gyara da ƙarin kasafi. Abin da ke damuna wallahi yadda ake cusa ayyukan da ba gaggawa ba a ciki saboda mutane ba sa sa ido kamar lokacin babban kasafi.

Ɗalibin Siyasa:
Na gode sosai. To in ambaliya ta zo majalisa na hutu fa?

Malam Na Baya:
Gwamna na iya kiran zama na musamman.