Takin da ke narkewa a hankali ga tsirrai masu ajiye ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da alobera da wasu tsirrai masu kaurin ganye a tukwane, kuma tun da na zuba musu takin da nake sa wa tumatir, ganyensu ya yi laushi ya miƙe ba ƙarfi. Shin takin gargajiya bai dace da su ba ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ya dace, ɗan'uwa, sai dai yawan naitirojin, sinadarin da ke cikin taki mai sa ganye girma, ne ya jawo wannan laushin, domin irin waɗannan tsirrai sun saba da ƙasa mai yashi marar ƙarfi. Takin gargajiya ba ya ciyar da saiwa kai tsaye; ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke ruɓar da shi sannu a hankali idan akwai ɗumi da danshi, shi ya sa ɗan kaɗan ke daɗewa. Ka barbaɗa rabin abin da kake ba tumatir, nesa da gindi, lokacin da sabon ganye ke fitowa kawai.

Amsa ta biyu: Ina ƙara da cewa kada a yi amfani da ɗanyen kashin kaji, domin yana ƙona saiwa. Ni takin da ya ruɓe sarai nake sawa, da ɗan garin ƙashi saboda fosfaras, sinadarin da ke taimaka wa saiwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan sauya musu ƙasa tukuna.